Ramuka Biyu A Saman Kujera

Wata Juma'a na shiga tsohuwar Golf daga Kano zuwa Zariya. Da na jingina, sai na ji ƙeyata a iska. Na shafa saman kujerar, ramuka biyu kawai na taɓo. Na tambayi direba ina matashin kai, ya ce, "Ai Malam, cire su muka yi. Suna tare wa na baya gani, kuma wa zai yi barci a tafiyar nan?"

Da yawanmu haka muka ɗauki abin nan, matashin masu gyangyaɗi. Alhali don wuya aka ƙera shi. Idan wata mota ta daki taku ta baya, kujera ce ke ingiza gangar jikinka gaba da ƙarfi, kai kuwa, da nauyinsa, sai a bar shi a baya. Wuya ya lanƙwashe, sannan ya fizgo gaba kamar bulala, duk kafin ƙiftawar ido. Mutum zai fito yana hamdala ko ƙwarzane babu, washegari ya kasa waiwaye, wani ma ciwon ya bi shi watanni. Shi ya sa tun 1969 Amurka ta wajabta sa matashin a kujerun gaba na sababbin motoci. A 1998 kamfanin Volvo na Suwidin ya fito da kujerar da bayanta ke ɗan sakewa idan an daki motar ta baya, ta karɓe jiki yadda ake cafe ƙwai.

Ko inda matashin yake, sau da yawa za ka tarar an danne shi ƙasa, daidai wuya. A nan kai zai iya tsallake shi ya karkata baya. Ɗaga shi za a yi har samansa ya yi daidai da saman kai, ya kuma matso kusa da ƙeya.

Shi ma bel tare yake aiki da kujera. Wani injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Ƙasan kujera ba soso zalla ba ne, akwai ƙarfe a ciki da aka ɗaga gabansa don kada mutum ya zame ta ƙarƙashin bel. Amma wanda ya kwantar da kujerarsa kamar gado, irin na samarin da ba a hango komai nasu sai hula, ya ɓata wannan lissafi: bel zai bar ƙashin ƙugu ya hau kan ciki, inda hanji da hanta suke.

A Najeriya tun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ke tilasta ɗaura bel. Mu ne dai muka iya yafa shi a kafaɗa idan mun hango jami'ai, mu sake da an wuce.

A waccan tafiya mu biyu aka cusa a gidan gaba, kujerar da aka auna don mutum ɗaya. Abokin zamana rabin jikinsa na kan birkin hannu, duk canjin giya sai ya ɗaga gwiwa. Wajen Kwanar Ɗangora wata tirela ta matso mana baya har ina karanta lambarta a madubi. Na sa tafin hannu na tallafe ƙeyata, ban sauke ba sai da ta wuce.