Ƙananan Madubai Masu Tsintar Taurari

A da, in masana za su auna hasken taurari da yawa, sai an huhhuda farantin ƙarfe tun da rana, kowane tauraro da kafarsa. In an kuskure, daren ya salwanta.

To, a 1987 Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙago ƙananan madubai, irin na cikin majigin zamani. Fiye da miliyan 2 aka jera cikin na'urar SAMOS, a tabaron hangen taurari na SOAR, ƙasar Chile. Faɗin kowanne bai kai kaurin gashi ba. Kwamfuta ke karkata shi, ya tura hasken tauraron da aka zaɓa inda za a tsefe shi launi-launi, a gane sinadaransa.

Masu son aika su sararin sama kuwa sun jarraba su da girgiza da tsananin sanyi, domin can in madubi ya ƙage, ba mai gyara.