Marubuci da Mai Karatu a Zamanin Wayar Hannu: Misali Daga Garun Mallam

Tun da aka soma buga littattafan Hausa na boko, babu abin da ya fi wahalar da masu aikin kamar isar da littafi hannun mai karatu. Littattafan nan biyar da suka fito daga gasar da Dokta East ya shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, makarantu ne suka ɗauke su suka yaɗa. Hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta yi ta fama da sha'anin rarraba littattafai har aka rufe ta a 1959. Sa'ad da marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, kamar Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, sai ragamar ta koma hannun 'yan kasuwa, musamman na Sabon Gari. Su ke karɓar littafi bashi, su sayar, su biya marubuci in sun ga dama.

To, bari mu dubi al'amarin daga wajen birni. Garun Mallam tana kudu da Kano a kan hanyar Zariya, cikin ƙasar noman rani da ta haɗa Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Manomin wannan yanki ya san dillali sarai, domin a Kwanar Gafan da wuya kwandon tumatir ya hau mota bai bi ta hannunsa ba. Haka littafi ya ke a da. Matar aure da ke son karatu sai ta jira mai zuwa Kano, ko kuwa ta aiki yaro wurin mai ba da haya, kuma abin da ɗan kasuwa ya zaɓa ya kawo shi za ta karanta.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp da Wattpad suka biyo. Yadda akasarin marubuta ke yi yanzu, mafi yawansu kuwa mata ne, ga shi. Marubuciya ta kan sanar da sabon labari a Facebook, ta saki shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp. In labari ya kai inda ran mai karatu ya kamu, sai ta tsaya, ta ce mai son ci gaba ya biya. A kan biya ta banki, waɗansu kuma da katin waya, sa'an nan a shigar da mutum zaure na musamman inda a ke sakin shafi bi da bi. Ta haka mai karatu a Kadawa da wadda ke Maraɗi ko Jidda su kan sami shafi ɗaya a dare ɗaya. Wanda bai iya boko ba ma an yi masa tanadi, gama a kan karanta labaran da murya a sa a YouTube, kamar yadda gidajen rediyon Kano suka daɗe suna yi.

Abin da ya kamata malamai su fi lura da shi, shi ne wannan hanya ta taɓa jikin rubutun kansa. Labarin da a ke sayarwa tun ba a gama shi ba, masu saye na da baki a cikinsa. Suna aiko da sharhi kullum, su roƙa kada a kashe wance, su nemi a hukunta kishiya, marubuciya kuwa ta san su ne abincinta. Sabo da haka kowane shafi ya kan ƙare a kan gaɓa mai jan rai, labari ya yi ta tsawo fiye da ƙarfinsa. Ba kuma wanda ke duba rubutu kafin ya fita, shi ya sa ƙa'idar raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa suka sha wuya. Malamin da ke gyaran insha'in ɗalibansa a kwalejin horon malamai, in ya ga irin kuskuren nan yana maimaituwa, to, ya san inda idonsu ya saba.

Ɓarawo ma bai rasa ƙofa ba. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafi shafin ya watsa wa ɗari, har ya zama al'ada a ga marubuciya ta buɗe shafinta da Allah ya isa ga mai fitar mata da shi.

Akwai kuma wata asara da ta shafi manazarta kai tsaye. Littafin takarda, ko da an ƙone shi kamar yadda hukumar A Daidaita Sahu ta yi wa waɗansu a Kano a 2007, a kan sami kwafinsa a akwatin wani. Amma labarin zaure ba shi da shekarar bugu, ba shi da maɗaba'a, sau da yawa sunan da ke kansa ma laƙabi ne. Waya ta lalace, ya tafi. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, an rufe ta a 2023. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan labari don nazari, wajibi ne ya adana shi shafi shafi, ya rubuta ranar da kowanne ya fito da zauren da ya same shi, ya haɗa har da sharhin masu karatu, tun da wani sashe na labarin daga nan ya tsiro.