Amfani da "A" da "The" Gaban Sunayen da ba a Ƙirgawa a Ingilishi

Ɗalibin da ya tashi a zangon Paraku ko na Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, yakan zo ajin Ingilishi da Hausa da Dandanci a baki, da Faransanci a alƙalami. Ko a Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, da Faransanci ake koyarwa. Saboda haka Faransanci yake fara tambaya kafin ya rubuta jimlar Ingilishi, kuma a nan ake yin tuntuɓe.

A Ingilishi akwai sunayen da ba a ƙirgawa, kamar water da rice da money. Waɗannan ba su ɗaukar a ko an, kuma ba su da jam'i. In ana son ƙirge sai a kawo ma'auni, kamar yadda muke cewa mudun gero ko buhun gishiri: a bag of rice.

Wahalar tana ga the. Bafaranshe kan ce j'aime le riz, sai ɗalibi ya kwaso wannan le ya rubuta:

*I like the rice.

alhali shinkafa yake nufi gaba ɗaya. Da Hausarsa ya tambaya da bai ɓata ba. Dubi waɗannan:

Ina son shinkafa. I like rice.
Ina son shinkafar. I like the rice.

Ke nan inda Hausa ta sa madanganci -r ko -n, wato an san shinkafar da ake magana a kai, nan the take shiga. Inda sunan ya zo tsurarsa, a bar shi tsurarsa. Wannan awo ba ya cin kowace jimla, amma a ganina ya fi dogon jerin ƙa'idojin da ake haddacewa amfani.

Sai dai akwai inda Hausa ma ba ta ceto. Muna da shawara da shawarwari, Faransanci na da un conseil da des conseils, amma Ingilishi bai yarda da *an advice ko *advices ba. Sai a ce some advice, ko a piece of advice in guda ce. Haka information da furniture da luggage suke. Na sha jan layi ƙarƙashin *informations a takardun jarrabawa har jan birona ya ƙare. Ita kuwa news, duk da -s ɗin da ke ƙarshenta, tilo ce: the news is good.