Zaɓen Asusu da Iyakar Izini Wajen Gwajin Manhaja

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wata tambaya da masu rubuta manhaja kan tsallake, wato: da sunan wa za a gudanar da gwaji? Gwajin da muke nufi shi ne wanda kwamfuta ke yi da kanta, ba tare da mutum ya tsaya a kai ba, duk lokacin da aka sauya wani abu a manhajar. Kowane aiki a kwamfuta yana gudana ne a ƙarƙashin wani asusu, kuma izinin asusun shi ne iyakar abin da aikin zai iya taɓawa. Ra'ayinmu shi ne a yi gwaji da izini daidai da wanda manhajar za ta samu idan ta shiga hannun jama'a.

2.0 Asusun Shugaba

A tsarin Unix da Linux akwai asusun shugaba mai suna root, wanda lambarsa 0 ce, kuma ba a hana shi karanta ko sauya kowane fayil. Da yawa sukan yi gwaji da shi don gudun wahala, amma illarsa iri biyu ce.

Ta farko, yana ɓoye kuskure. Alal misali, manhajar da ke ajiye bayananta a wurin da aka keɓe wa tsarin kwamfuta, ko take buɗe ƙofar sadarwa mai lamba ƙasa da 1024, za ta ci gwaji a hannun root, sa'an nan ta gaza a hannun mai ƙaramin izini. Haka kuma, idan muna son mu ga abin da manhaja za ta yi in ta tarar da fayil a kulle, root ba zai nuna mana ba, domin shi ba a kulle masa kome.

Ta biyu, yana faɗaɗa ɓarna. A shekarar 2015 an gano kuskure a manhajar Steam ta Linux, inda umurnin share jaka guda ya koma share duk fayilolin da mai asusun ke da iko a kansu. Gwaji ma yakan share abin da ya ƙirƙira bayan ya gama, to ina ga irin wannan kuskure ya auku a hannun root? Saboda irin wannan hatsari ne rumbun bayanai na PostgreSQL ke ƙin tashi da asusun root.

3.0 Asusun Marubucin Manhaja

Wannan ma bai dace ba. A cikinsa akwai shirye-shiryen da mai shi ya yi wa kansa, don haka gwajin da ya yi nasara a wurinsa yana iya faɗuwa a wurin abokin aikinsa. Bugu da ƙari, akwai kalmomin sirrinsa, kuma duk abin da gwaji ke iya gani, ɓarawon da ya kutsa cikin kayan gwajin zai gani. Abin da ya faru ke nan a 2021, lokacin da aka gurɓata wani kayan aiki na Codecov aka kwashe makullan sirri daga na'urorin gwaji na masu amfani da shi.

4.0 Keɓaɓɓen Asusu

Tun a 1975 Saltzer da Schroeder suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba kowane aiki izinin da ya wuce bukatarsa. Bisa wannan, muna ganin a buɗe wa gwaji asusunsa na kansa, kamar yadda Jenkins ke aiki da asusu mai sunansa a Linux. A ba shi ikon rubutu a jakar aikinsa kaɗai, kada kuma ya kai ga rumbun bayanan jama'a na ainihi. Masu amfani da Docker su lura cewa akwatinsa da root yake tashi, sai in an ambata masa wani asusu.

Akwai gwajin da ba ya yiwuwa sai da ikon shugaba, kamar na girka manhaja. Irin wannan a ware shi daban, a yi shi a kwaikwayon kwamfuta da za a rushe da zarar an gama.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa zaɓen asusu ya shafi gaskiyar sakamako da kuma tsaron na'ura. Muna ba da shawara a rubuta sunan asusun da izininsa a cikin tsarin gwajin tun farko, malamai kuma su saba wa ɗalibai da haka tun daga darasin farko.