Karatun Nesa Tsakanin Ɗaliban Gobir ta Nijeriya da ta Nijar

Mutumin Tsamaye da ya tashi zuwa Tsibiri, a wurin ma'aikatan iyaka baƙo ne mai shiga wata ƙasa, amma a wurin kakanninsa gida ya nufa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa alamun iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Iyakar ba ta hana auratayya ba, ba ta hana cin kasuwa ba, Gulbin Maraɗi ma bai fasa gangarowa cikin Rima ba. Abin da ta raba sosai shi ne makaranta.

Ɗalibi daga Sabon Birni yakan nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Ɗan baffansa na Tsibiri kuwa sai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Na farko zai karanta tarihin jihadi cikin littafin Murray Last na 1967, da Ingilishi. Na biyu zai karanta al'adun kwarin Maraɗi cikin rubuce-rubucen Guy Nicolas, da Faransanci. Kowannensu rabin labarin gidansu aka ba shi, kuma sau da yawa bai san akwai sauran rabin ba. A ɓangare ɗaya an fi jin labarin daga bakin waɗanda suka ci Alƙalawa, a ɗayan kuma daga bakin waɗanda suka fita daga cikinta.

Wannan giɓi ne karatun nesa yake iya cikewa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a yankin, domin tun 1964 Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da wata jami'ar Afirka ta karatun nesa, wadda daga baya ta zauna a Nairobi, ana turo darussa ta tauraron ɗan'adam daga jami'o'in Turai da Amurka. Sai dai wancan tsari magana ce mai gangarowa daga sama: malami yana can ƙetare, ɗalibai suna nan suna saurare. Tsarin da ya fi dacewa da musayar al'adu shi ne wanda Jami'ar Jihar New York ta buɗe wa cibiya a 2006. Malamai biyu na jami'o'i biyu su ne suke tsara darasi ɗaya tare. Ana gauraya ɗalibansu cikin ƙananan rukunoni na tsawon 'yan makonni, su yi aiki guda ta intanet, sa'an nan kowane malami ya ba nasa ɗaliban maki. Babu fasfo, babu kuɗin mota, babu sabon kuɗin makaranta.

Jami'o'in da suke bin wannan tsari a wasu nahiyoyi suna fama da abu biyu, watau bambancin agogo da bambancin harshe. Sakkwato da Maraɗi agogonsu ɗaya ne, harshen gidansu ma ɗaya. Amma fa kada a ɗauka Hausar za ta tafi sumul. Ɗalibin Maraɗi zai ce lakwal inda na Sakkwato zai ce makarantar boko, ya kira malaminsa mushe, idan kuma ya ce zai je likita to asibiti yake nufi. In ya ce dala ashirin, sefa ɗari ke nan, domin da biyar-biyar ake ƙidayar kuɗi a can. Har a rubutu akwai saɓani: taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kusanta ɓangarorin biyu, amma har yanzu kalmar da Nijeriya take rubutawa 'ya'ya, Nijar da harafi mai lanƙwasa take rubuta ta. Waɗannan bambance-bambance su kansu darasi ne, kuma mai yiwuwa su ne darasin da ya fi kowane daɗi, domin da zarar ɗaliban sun bar kalmomin ofis sun koma maganar gona da ta biki, sai a ji Gobirci ɗaya a bakinsu. Daɗin daɗawa, a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Cikas ɗin da yake gaban irin wannan aji a ƙasar Gobir ba ƙarami ba ne, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. A Satumba 2021 hukuma ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu, wasu mutane suka koma neman layin Nijar kafin su gaisa da danginsu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. A 2022 kuma yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya ya ci wata takwas. Ajin da aka gina bisa hoton bidiyo kai tsaye ba zai kai mako biyu ba a irin wannan hali.

Saboda haka tsarin da zai ɗore shi ne mai sauƙin nauyi. A naɗi lacca da murya kawai, a tura ta WhatsApp, ɗalibi ya sauke ta duk lokacin da ya sami layi. Haɗuwa kai tsaye ta zama sau biyu ko uku a zango, a ɗakin kwamfuta mai hasken rana a cikin harabar jami'a. Aikin rukuni kuma ya zama abin da ba za a iya yi daga ɓangare ɗaya ba, alal misali tattara jerin sarakunan Gobir daga bakin maroƙan Tsibiri da na Sabon Birni a gwama su, ko bin farashin wake a kasuwannin ɓangarorin biyu har tsawon damina.

Saura aikin ma'aikatan hukuma. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin digiri na shekara uku irin na Faransa, na Nijeriya kuwa shekara huɗu ne. Muddin majalisun jami'o'in biyu ba su amince a rubuce cewa makin wannan darasi zai shiga takardar sakamakon ɗalibi ba, ɗalibai za su ɗauke shi hira, kuma ranar da jarrabawa ta matso su ne za su fara barinsa.