Damagaram: ɓarawon da ke shigowa ta gilashin salula

A da, ɗan damfara sai ya tako har Kasuwar Dole, ya dubi mutum ido da ido. Yau daga nesa yake ɗana tarkonsa. Ɗan kasuwa na duba canjin naira, ko ma'aikaci na karatun labarai, sai saƙo ya faɗo bisa gilashin salula: wai cuta ta kama wayar, ko wai an ci kyautar jika 500, a gaggauta latsawa.

Duk ƙarya ce. Shafin intanet ba shi da ikon bincikar cikin waya. Tsoro da kwaɗayi kawai yake tayarwa, don mutum ya miƙa lambar sirrin asusunsa, irin na Airtel Money, da hannunsa.

Saboda haka, kada a latsa, kada a kira lambar da aka nuna; a rufe shafin. Wanda ya riga ya bayar, ya canza lambar nan take, ya sanar da kamfanin, sannan ya kai ƙara komisariya: dokar ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet ta tanadi hukunci. Magabata sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.