Targaɗen Wuyan Hannu da Maganin Zafi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, da hannu muke ci. Da shi muke riƙe hauya, mu ja guga a rijiya mai zurfi, mu daka hatsi. In mutum ya faɗo daga kan raƙumi ko amalanke ya dafa ƙasa da tafi, wuyan hannu ne ke shan wuya.

A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Jijiyoyi masu ƙarfi ne ke ɗaure su, kamar yadda igiya ke ɗaure dami. Faɗuwa tana iya sa jijiya ta saki, ko ta tsage, ko ta tsinke. In ta saki, ƙasusuwan sukan yi rawa. Hannu ya dinga ciwo, ya rasa ƙarfin riƙo.

Likitocin ƙashi suna da wata dabara. Ba su tsaga hannun. Sukan huda ƙananan ƙofofi a bayan wuyan hannu, su zura madubi siriri kamar tsinke, su ga cikin gaɓar a allo. Sa'an nan su zura wani tsinken mai aiki da lantarki, su ɗumama jijiyar da ta saki. Duk wanda ya taɓa jefa jijiyar nama a tafasasshen ruwa ya ga yadda take tsukewa. To, haka ta mutum take yi. Zafin da ake bukata wajen digiri 65 zuwa 75 ne, bai kai na tafasar ruwa ba, wanda yake 100. Bayan aikin akan ɗaure hannu cikin filasta makonni da dama, domin jijiyar tana da rauni kafin ta warke.

Dabarar ba ta kowane ciwo ba ce. Jijiyar da ta tsinke ɗungum, sai ɗinki. Kuma zafi yana ɓarna in ya wuce kima. A ƙarshen shekarun 1990 likitocin Amurka sun yi ta amfani da shi a kafaɗa. Daga baya mafi yawansu suka bari, don gaɓar takan sake saki, wasu kuma guringuntsinsu ya lalace. Aiki ne na manyan asibitoci masu kaya na musamman.

Kada wani ya ce ai lalas ɗin da muka gada ke nan. Ba ɗaya ba ne. Ƙarfen da aka sa a wuta fata yake ƙonawa, ba ya gyara jijiyar da ke can ciki. Sai dai ya bar gyambo, ƙazanta ta shiga, har a kamu da ciwon sarƙe-haƙora.

In an faɗi, a cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura. A tallafe shi da ɗan katako, a rataye a wuya. Kada a yarda maɗori ya matse ɗauri. In yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, a kwance nan take. In ciwo yana gindin babban yatsa, ko ya wuce kwana 3 bai lafa ba, a je likita, ko da ana tsakiyar noma. Wata karayar ba ta fitowa a hoton ƙashi na farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. In ma'aikacin lafiya ya ce a wuce babban asibitin Damagaram, a wuce.